Gado, Al'ada da Halin Zama: Tarihin Binciken Ciwon Zuciya na Jego Daga Zariya Zuwa Abuja

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da wani ciwo ya yawaita a cikin wata al'umma fiye da maƙwabtanta, tambayar da akan fara yi ita ce: shin a jininsu yake, ko kuwa wani abu ne suke aikatawa? Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana ilimin likita suka yi ta juya wannan tambaya, tsawon shekaru hamsin da ɗoriya, dangane da wani nau'in ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego. Ciwo ne da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitanci na duniya, ta yadda da wuya a yi bayaninsa ba a ambaci Zariya ba. Mace takan haihu lafiya, bayan 'yan makonni sai ta fara haki, ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta kwanciya, domin tsokar zuciyarta ta saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo wannan batu cikin mujallar harsuna. Dalilin shi ne kalmar gado. Bahaushe yana gādon kama da tsawo da launin fata, yana gādon gona da bashi, yana kuma gādon sana'a da al'adar gidansu, duk da kalma ɗaya. Masu binciken da za a ambata a nan sun raba waɗannan abubuwa gida uku, kowane zamani da gidan da ya ɗora wa laifi, kuma abin da tarihin ya nuna shi ne ba a taɓa samun cikakkiyar amsa daga gida ɗaya ba.

2.0 Zariya da wankan jego

Likitocin Turai da Amurka sun san wannan ciwo tun kafin a yi nazarinsa a Nijeriya. An bayyana shi a New Orleans a 1937, sannan a 1971 Demakis da Rahimtoola suka tsara sharuɗɗan gane shi, bayan nazarin wasu mata a Chicago waɗanda mafi yawansu baƙaƙen fata ne. Sai dai a can ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, likita zai iya shekaru bai ci karo da shi ba.

A 1969 Eldryd Parry, ɗan ƙasar Birtaniya, ya baro Addis Ababa ya kama aiki a matsayin farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya zauna har 1977. Abin da shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka tarar a asibitin koyarwa na Zariya ya saɓa wa abin da ke cikin littattafai. Tsakanin 1969 da 1972 sun yi nazarin mata 224 masu wannan larura, kuma a rahotonsu na 1978 sun ƙiyasta cewa a birnin Zariya kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu tana kamuwa. Kusan dukkan majinyatan Hausawa ne ko Fulani, alhali kuwa asibitin yana karɓar mata na ƙabilu daban-daban. Sun kuma lura cewa ciwon ya fi tsananta wajen watan Yuli, lokacin da damina ta kankama, iska ta yi nauyi da laima. A ganin farko, alƙaluma irin waɗannan suna nuni ne ga jini. Amma Davidson da Parry sun karkata ga al'ada, kuma suna da hujja.

Ya kamata a tsaya a kan al'adar kaɗan, domin sau da yawa akan ambace ta a rubuce-rubucen likitoci kamar wani abu marar kan gado, alhali tana da tsararren tunani a bayanta. A fahimtar Bahaushe, mai jego ɗanyen jiki gare ta, kuma babban abokin gābarta shi ne sanyi, wanda idan ya shige ta zai haifar da kumburi da ciwon gaɓoɓi da rashin lafiyar da ba ta jin magani. Lewis Wall ya yi bayanin matsayin sanyi a maganin gargajiya na Hausa a littafinsa na 1988, kuma tun kafin nan Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin haihuwa da jego a ƙasar Zazzau, a littafin da aka buga a 1954. Maganin ɗanye shi ne a gasa shi. Saboda haka mai jego takan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, wasu ma su zarce, ana tsoma ganye ana fyaɗa mata a jiki. A ƙauyuka da tsofaffin unguwanni takan kwanta a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. (Masu nazarin sauti za su lura cewa rubutun boko bai bambanta wannan gado na kwanciya da gādon iyaye ba, sai tsawon wasali da karin sauti, a wannan tarihi kuwa duka biyun an tuhume su.) Ta ciki kuma akan ɗumama ta da kunun kanwa da nama mai yaji, domin jini ya dawo, nono ya kawo.

Kanwar ce ta fi jan hankalin likitocin. Ko da yake Turawa sun saba kiranta da sunan da ke nuna sinadarin fotash, abin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne, wato sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Tsohuwar haja ce ta fatake, ana kawo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a tarihinsa na cinikin gishiri na 1986, kuma Hausawa sun san nau'o'inta: jar kanwa, farar kanwa, ungurnu. Bayanin da masu binciken Zariya suka gabatar shi ne, sodiyam mai yawa yana cika jijiyoyi da ruwa, zafin wanka da na gado da na yanayi yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, ga ƙarancin jini da hawan jini da kan biyo bayan haihuwa, sai nauyin ya fi ƙarfin zuciyar. A 1974 Davidson da Trevitt da Parry sun nuna cewa yankunan da ciwon ya fi yawa a Nijeriya sun dace da yankunan da aka fi tsananta waɗannan al'adu. A 1979 kuma Sanderson da Adesanya da Anjorin da Parry suka duba zukatan wasu majinyata da na'urar ɗaukar hoto ta amo, suka ga cewa a cikin da yawansu tsokar zuciyar ba ta yi raunin da ake zato ba, lodi ne ya yi mata yawa.

Wannan bayani ya karɓu ƙwarai, ya shiga littattafan koyar da ɗaliban likita, kuma shekara da shekaru ana jan kunnen mata a asibitoci da gidajen rediyo a kan wankan jego da kunun kanwa. Jan kunnen yana da amfaninsa, ko ba komai ya rage ƙuna. Amma akwai tambayar da bayanin bai amsa ba tun farko. Idan kusan kowace mai jego a birnin Zariya tana yin wankan tana shan kunun, me ya sa ɗaya ta kamu, casa'in da tara suka tsira?

3.0 Ƙasa, abinci da talauci

Amsa ta farko ta fito ne daga Yamai. A 1992 likitan Faransa Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka wallafa cewa matan da ke fama da ciwon a can suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jininsu idan an gwada su da mata masu lafiya. Wannan ya tuna wa masana cutar Keshan ta arewa maso gabashin ƙasar Sin, wadda ita ma raunin tsokar zuciya ce, ta fi kama yara da matan da ke shekarun haihuwa, kuma an danganta ta da ƙasar noma mai ƙarancin seleniyam. Mutumin da duk cimarsa daga gonarsa take fitowa, abin da babu a ƙasar gonar babu shi a jikinsa.

A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ba da rahoto a 2007 cewa ciwon yana kama mace ɗaya cikin haihuwa 102, wato kusan adadin Zariya na shekaru talatin da suka gabata. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya sake samun ƙarancin seleniyam a cikin majinyatansa a 2015, sannan ya jagoranci wani babban bincike mai suna PEACE, wanda ya tattara bayanai daga asibitoci 22 a faɗin Nijeriya tsakanin 2017 da 2018. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya ƙunshi mata 406 masu ciwon. Fiye da kashi 70 cikin ɗari daga Arewa maso Yamma suke, inda adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Abubuwan da suka fito fili a matsayin masu ƙara haɗari su ne rashin ilimin boko, rashin aikin yi, rama, da hawan jinin masu ciki irin wanda kan kai ga jijjiga. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa kuwa, da aka tace alƙaluman, ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin ƙaryata Davidson da Parry ba. A zamaninsu na'urar hoton zuciya ba ta wadata ba, don haka abin da suka kira gazawar zuciya ta jego ya haɗa mata iri biyu: waɗanda ruwa da hawan jini suka danne zuciyarsu, da waɗanda tsokar ce da kanta ta lalace. Masu binciken baya sun taƙaita ne ga kashi na biyu. Bugu da ƙari, gadon wuta ya ja baya sosai a birane. Abin da ya sauya shi ne inda yatsa ke nuni. A da yana nuna kakar da ke tafasa ruwa, yanzu yana nuna tukunyar da babu nama a cikinta da yarinyar da ba ta je awon ciki ba. A nawa ganin sauyin ya zo a makare, domin ɗora wa al'ada laifi abu ne mai sauƙi da araha ga hukuma, ba ya bukatar kasafin kuɗi.

4.0 Abin da ke cikin jini

Duk da haka, talauci ma bai rufe tambayar ba, tunda matalauta ramammu sun fi masu ciwon yawa nesa ba kusa ba. A 2016 James Ware da tawagarsa suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine sakamakon binciken ƙwayoyin gādo na mata 172 masu wannan ciwo. Kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da wata tawaya a ƙwayoyin da ke gina tsokar zuciya, kuma kashi biyu cikin uku na tawayar a ƙwaya ɗaya take, wadda ke sarrafa furotin mai suna taitin. Shi taitin kamar tsirkiya yake a cikin zaren tsoka, shi ke ba ta damar miƙewa da komawa. Abin lura shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da wannan tawaya har su tsufa ba su sani ba. Takan bayyana ne idan wani nauyi ya faɗo wa zuciyar: goyon ciki, ko yawan shan barasa, ko wasu magungunan ciwon daji. Ƙwayar gādo ke nan tana ajiye rauni, yanayin rayuwa kuma shi ke taka wurin raunin. Wannan ne bayani mafi kusa da amsa tambayar mace ɗaya cikin ɗari, ko da yake kashi 85 na matan ba a sami irin wannan tawaya a jikinsu ba.

Akwai giɓi babba a nan. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gādo a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa ba su wuce kashi 3 ba, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gādo. Shirin H3Africa da aka sanar a 2010 an kafa shi ne don rage wannan giɓi. Saboda haka duk wanda ya ce ciwon jego "a jinin Hausa-Fulani yake" ya riga hujja isa wurin. Kalmar Hausa-Fulani ma kanta kalmar siyasa ce, ta tattara zuriyoyi masu asali daban-daban waɗanda harshe da addini da zama suka haɗa.

Tarihin hawan jini, wanda shi ne uban cututtukan zuciya a Nijeriya, ya isa gargaɗi a kan saurin yanke hukunci da jini. A 1929 Donnison ya rubuta a mujallar Lancet cewa bai ga hawan jini ba a cikin mutanen karkarar Kenya da ya auna. Bayan shekaru sittin sai magana ta juye: ganin yadda ciwon ya addabi baƙaƙen fatar Amurka, Wilson da Grim suka kawo ra'ayi a 1991 cewa bayin da suka tsira daga ƙishirwa da gudawa a jiragen ruwa su ne masu jikin riƙe gishiri, kuma jikokinsu suka gāji wannan. Masanin tarihi Philip Curtin ya soki ra'ayin a 1992 da cewa bayanan cinikin bayi ba su goyi bayansa ba. Sannan a 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu suka auna mutane 'yan asalin Afirka ta Yamma a wurare daban-daban da ma'auni ɗaya. Masu hawan jini sun kai kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Tsatso kusan ɗaya ne, adadin kuwa yana hawa tare da ƙiba da cin gishiri. Wani nazarin Cooper na 2005 ya nuna ma Jamusawa sun fi baƙaƙen Amurka yawan hawan jini.

5.0 Abuja

Tsakanin Zariya da Abuja akwai tsohuwar dangantaka, domin sarakunan Haɓe na Zazzau da suka yi kudu bayan jihadi su ne suka kafa garin Abuja a zamanin Abu Ja, wajen 1828, garin da ya bar wa sabon babban birni sunansa ya koma Suleja. Amma dalilin kawo Abuja a nan ya fi wannan. Tafiyar da Cooper ya auna tsakanin nahiyoyi uku, a Abuja ana yin irinta cikin rayuwar mutum ɗaya. An kafa Babban Birnin Tarayya da doka a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma mafi yawan manyan da ke zaune a cikinsa a wani wuri aka haife su. Ɗan manomin da ya tashi da tuwo da noma ya zama ma'aikacin ofis, yana fita da asuba daga Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, ya yini a zaune, ya ci abincin kanti mai yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ya dawo da dare cikin cunkoso. Ƙwayoyin gādonsa na nan yadda ya zo da su daga ƙauye.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, Farfesa Dike Ojji da abokan aikinsa sun yi rajistar sababbin majinyata 1,515 a sashen zuciya, kuma rahotonsu na 2013 ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya, toshewar jijiyoyin zuciya irin ta Turai kuwa ba ta da yawa. A 2019 Ojji ya jagoranci gwajin CREOLE a ƙasashen Afirka shida, da majinyata 728, inda aka ga cewa haɗin magunguna masu ɗauke da amlodipine ya fi sauke hawan jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Ga shaida cewa jiki yana da nasa bambancin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Amma matakin da ya biyo baya na zamantakewa ne: daga 2020 aka fara wani shiri a ƙananan asibitoci 60 na yankin Babban Birnin Tarayya, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke auna jini su ba da magani bisa tsari guda, domin sanin maganin da ya dace ba ya amfanar wanda kuɗin mota zuwa Gwagwalada ya gagare shi.

A irin waɗannan ƙananan asibitoci ne batun ya dawo hannun masu nazarin harshe, musamman da yake Hausa na cikin harsunan da ma'aikaci da majinyaci suka fi haɗuwa a kansu a ƙauyukan yankin. Idan aka ce wa mutum hawan jininsa "ciwon gādo ne", abin da kunnensa kan ji shi ne abu ne da ba makawa, kamar kamannin fuska, don haka shan magani kullum wahalar banza ce. Idan kuma mace aka faɗa wa haka a gaban dangin miji, kalmar kan iya zama tabo ga 'yan'uwanta mata da ba su yi aure ba, kamar yadda aka gani a sha'anin ciwon sikila. Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmar da za ta raba gādon ciwo da gādon saurin kamuwa da shi ba, kuma wannan bambanci shi ne dukkan abin da binciken 2016 ya gano. Haka kuma likitan da ke neman tarihin dangi ba zai samu ba idan ya tambayi ko akwai mai "ciwon zuciya" a gidan, domin a bakin mutane da yawa ciwon zuciya baƙin ciki ne. Zai fi samun amsa idan ya tambayi ko akwai wadda ta kumbura bayan haihuwa, ko wadda sanyi ya shiga a jego, ko wadda ta rasu kafin ta yi arba'in.